Babu Yarinya A Ɗakin Nan

Shafi na 23

Masu cika mini waya da saƙo tun da safe, na gani, ku sassauta. Wadda ta ce in na ƙara kwana biyu ban yi rubutu ba za ta zo har gida ta tsare ni, ki yi zamanki, ga shi na kawo. Masu zagin Kawu kuma ku rage, tsoho ne. Ni ma ina jin haushinsa, amma ban kai ku ba.

*

Kwana uku ke nan da aka raba Uwar Inji da injinta. Shekara ashirin da shida tana tsaye a kan babban injin buga littattafai na maɗaba'ar Kawunta, yau ga ta a ɗakin naɗi, zaune a benci, tana ninke takarda kamar wadda aka ɗauka aiki jiya.

Bakin Kawu ne ya jawo. Da wani kamfanin littattafan makaranta ya sayi rabin maɗaba'ar, sai suka nemi jerin ma'aikata. Kawu ya kishingiɗa a kujera ya ce da Sakatariya, "Rubuta, maza uku a ɗakin inji, sai yarinya ɗaya da take taya su." Sakatariya ta rubuta yadda aka faɗa mata. Mutanen kamfani ba su san Kawu ba, ba su san halin bakinsa ba, suka ɗauki maganar yadda take. Ranar Litinin wasiƙa ta iso, wai ba a yarda yara su kusanci inji ba, a ɗauke yarinyar a kai ta inda babu haɗari, kuma a kawo takardar amincewar iyayenta.

Yarinyar nan da ake magana shekararta arba'in da bakwai. Jikokinta biyu, sai da tabarau take zura zare a allura, furfura kuma ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Da ta ce a gyara kuskuren, Kawu dariya ya yi har da tari, ya ce ta yi haƙuri baƙin su zo su tafi tukuna.

To yau baƙon ya zo. Daraktan kamfanin da kansa yana ɗakin inji, zai ga yadda za a buga littafinsu na farko.

Ta bango take jin injin. Ya taso da gudu, ya yi ƙat-ƙat-ƙat, ya tsaya. A sake tayar da shi, ya sake tsayawa. Duk tsayawar da ya yi a ƙirjinta take jin ta, amma ko kai ba ta ɗaga ba.

"Karo na nawa ke nan?" in ji Mai Gam, dattijuwar da take manna bangon littafi, wadda duk maɗaba'ar ake tsoron bakinta.

"Na bakwai."

"Au, ashe ƙirgawa kike. Na ɗauka ba ruwanki."

"Ba ruwan nawa. Kunnena ne ba shi da murfi."

"To kin kawo takardar iyayen naki? Ko in rubuta miki in ce ni ce kakarki?"

Matan suka kwashe da dariya, ita ma sai da ta murmusa. Su kaɗai ne suke kiranta Uwar Inji, kuma Mai Gam ce ta raɗa mata sunan tun shekarun baya.

Ana cikin haka aka banko ƙofa. Manaja ne, ɗan Kawu na fari, ƙaninta da shekara takwas, wanda ta goya a bayanta har ya yi mata fitsari ba sau ɗaya ba. Farar rigarsa ta sha tawada a hannu, gumi yana bin wuyansa.

"'Yan mata, sannunku da aiki. Ina yarinyar nan?"

Matan suka ci gaba da aikinsu. Tana gabansa fa, yana ganinta.

"Magana nake yi. Ke, taso ki ɗan duba mana injin nan, baƙo yana tsaye."

Mai Gam ta ajiye burushinta, ta sunkuya da ƙyar tana leƙen ƙarƙashin tebur.

"Iya, me kike nema?"

"Yarinyar nake taya ka nema, ko ta faɗa nan."

"Haba Iya."

Ta ɗago tana dafe da ƙugu. "Babu yarinya a ɗakin nan, Manaja. Mu biyar ne. Ƙaramarmu ga ta can, 'ya'yanta shida, babban har gemu ya ajiye."

"Ai kin san abin da nake nufi. Magana ce kawai."

Sai a lokacin Uwar Inji ta ɗago. Ta zare tabaraunta a hankali ta dube shi.

"Maganar ce ta zaunar da ni a kan bencin nan. An ce kada yara su kusanci inji. Ba kai ka karanta mini wasiƙar ba, kana dariya?"

"Wasa ne fa."

"To ni ban ji wasan ba."

Ya waiga ƙofa, ya dawo da kallonsa, ya rage murya. "Don Allah, Yaya."

"Iye!" Mai Gam ta tafa hannu. "Yau kuma Yaya ce? Jama'a ku shaida, inji ya koya wa Manaja ladabi."

Uwar Inji ta mai da tabaraunta ta ɗauki wata takardar ta ninke. Rabon da ta ji kalmar Yaya a bakinsa tun kafin ya yi aure, kuma ba za ta ɓoye wa kanta ba, ta ji daɗinta. Amma ba ta motsa ba. Ya tsaya ya yi tsuru-tsuru, sannan ya fita da sauri.

Ba a yi minti biyu ba suka ji ƙarar sanda a kan siminti.

Sandar Kawu ce. Manaja ba komai ba ne, Kawu ne matsalar. Shi ya ɗauke ta tana shekara shida ranar da aka binne mahaifiyarta, shi ya yi mata makaranta, shi ya fara ɗora ta a kan kujera kusa da inji don ta ga yadda takarda take shiga fara ta fito da rubutu. Tana son tsohon nan har cikin ranta. Yana shigowa ta miƙe tsaye, sauran matan ma suka gyara zama.

"Ke yarinyar nan, me nake ji? Ana kiranki kina jan aji?"

"Sannu da fitowa, Kawu."

"Ba gaisuwa na zo ba. Wuce mu je."

"Kawu, shekarata nawa?"

Ya tsaya da sandarsa a sama. "Wannan wace irin tambaya ce?"

"Arba'in da bakwai. Kai da ka buɗe wurin nan shekararka talatin da biyar, kuma ban taɓa jin wanda ya kira ka yaro ba."

"To sai me? Ai ƙauna ce. Ko shekara ɗari kika yi, a wurina..."

"A gida, Kawu. A gida ka kira ni duk abin da kake so, da gudu zan amsa. A nan kuwa mai kawo tawada ya ji a bakinka, sai ya zo ya ce mini ke yarinya kira mini maigidan, alhali ni na rubuta abin da zai kawo. Waɗanda na koya wa riƙe sifana da hannuna su ne maza, su ne injiniyoyi. Ni ce mai taya su. Waɗannan bayin Allah, akwai wadda ta aurar da jika a cikinsu, kullum 'yan mata ne. Muna ta dariya muna wucewa, yau ga shi an rubuta a takarda an buga hatimi."

"Yanzu ni kike wa wa'azi?"

"A'a. Roƙo nake. Ka kira wanda kake bukata. In yarinya kake nema, babu ita."

Kawu ya buɗe baki zai yi magana, sai aka yi gyaran murya a bayansa.

Darakta ne. Dogo, siriri, da ƙyar in ya kai arba'in. Yana riƙe da takarda ɗaya daga cikin waɗanda injin ya lalata, shafin littafin kimiyya na 'yan firamare, da hoton saniya. Saniyar ƙafarta takwas, idonta huɗu, ja ya zame gefe guda, shuɗi ya yi nasa wuri.

"Ku gafarce ni," in ji shi. "Manaja ya ce akwai wata yarinya da ta san inda ake ajiye kayan gyara. Na ga an daɗe, na ce bari in biyo. Tana ina?"

Mata huɗu suka nuna ta da hannu a tare.

Darakta ya dubi Uwar Inji. Ya dubi furfurar, ya dubi tabaraun, ya dubi hannayenta da tawadar shekaru ta zauna a gefen faratansu. Ya juya ya dubi Kawu, ya sake dubanta.

"Wannan ce... yarinyar?"

"Ita ce," in ji Mai Gam. "Muna nan muna jiran iyayenta su sa hannu."

Kunya ta rufe bawan Allah. Ya cire hularsa ya mayar. "Hajiya, ki yafe mini. Ni na sa hannu a wasiƙar nan. Wallahi na ɗauka 'yar shekara sha biyar ce ake sa wa aikin ƙarfi, har faɗa na yi a ofis."

"Ba laifinka ba ne, ranka ya daɗe. Abin da aka rubuta maka ka karanta. Mu ga takardar."

Ya miƙa mata. Saniyar ko kallo ba ta ishe ta ba. Ta murza gefen takardar da yatsa biyu, ta kaɗa ta kusa da kunnenta, ta ɗora ta a tafin hannu tana kallon yadda bakinta ya lanƙwashe.

"Yau aka kwance wannan."

Manaja, wanda ya laɓe a bakin ƙofa, ya yi caraf. "Sabuwa ce fil, da safen nan na sa aka ɗauko daga sito."

"Ina wadda na jera ranar Asabar?"

"Na sa an kwashe. Ta cika ɗaki, baƙo zai zo ya ga wuri kaca-kaca."

Mai Gam ta juya ta daki tulin takardun da ke bayanta da tafin hannu. "Ga ta nan. Kwana uku ina jingina da ita, har bayana ya daina ciwo."

Uwar Inji ta rufe ido ta girgiza kai. Shekara da shekaru tana sa a shigo da takarda ɗakin inji a kwance ta, ta kwana biyu a buɗe kafin a buga. Shekara da shekaru suna ce wa abin tsirfar mata, wai tana shanya takarda kamar wanki.

"Ranka ya daɗe, lafiyar injin ƙalau," ta ce da Darakta. "Sito yana da sanyi da danshi, ɗakin inji yana da zafi. In ka ɗauko takarda daga can ka cusa ta nan take, tana tafiya tana miƙewa. Baƙi zai sauka a wuri ɗaya, kafin ja ya sauka ta motsa. Sai ta saba da iskar ɗakin tukuna. Wannan da suka turo mana nan ta yi sa'a, bango ɗaya ne tsakaninmu da injin, zafin ɗaya ne."

"Za ki iya gyarawa?"

"Zan iya. Amma an hana ni shiga da takarda, kuma a gaban mutane aka karanta. Sai a faɗa a gaban mutane wa ake kira."

Darakta bai yi gardama ba. Ya koma bakin ƙofar da ta haɗa ɗakunan biyu, ya ɗaga murya yadda mazan da ke tsaye cirko-cirko a gaban injin za su ji.

"Na janye wasiƙar Litinin. Mai inji muke roƙo ta zo ta duba mana aiki."

Kawu ya kau da kai.

Da kun ga shigar matan nan, da kun ji daɗi. Su biyar suka turo kurar takarda, Mai Gam a gaba tana ba da hanya kamar mai jagorar baƙi, tana cewa, "A matsa, a matsa, 'yan mata za su wuce." Mazan uku suka dare. Babu wanda ya iya haɗa ido da Uwar Inji a cikinsu, don babu wanda ba ita ta koya masa aiki ba.

Ta ɗaure mayafinta tamau a ƙugu, ta naɗe hannun riga. Ta ɗebi takarda ta kama gefe biyu ta kaɗa, iska ta ratsa tsakani, ta buga ta a tebur ta daidaita, ta sake ɗiban wata. Ko magana ba ta yi, da haɓa take nuni. Wannan ya kwashe takardar sito, wancan ya goge robar da take ɗaukar tawada, na ukun ya tsaya a inda takarda take fita. Ta rage ruwa, ta taɓa wani maɓalli, ta mai da wasu ƙusoshi biyu da Manaja ya murɗe garin neman gyara.

Sannan ta dafa jikin injin ta tayar da shi a hankali.

Ya ɗauka. Takarda ta fara shiga ɗaya bayan ɗaya, babu ƙat-ƙat, babu tsayawa. Ta saurara, ta ƙara masa gudu, ta sake saurarawa. A ta ashirin ta zaro ɗaya, ta shimfiɗa a ƙarƙashin fitila, ta ɗora ɗan gilashin dubawa a kan alamar da ke gefen shafi. Launi huɗu sun hau kan juna sun zama layi ɗaya siriri.

Mai Gam ta leƙo ta kafaɗarta. "Alhamdulillahi, saniya ta warke. Ƙafa huɗu."

Matan suka ɗauki tafi. Ɗaya daga cikin mazan ya manta da kansa ya taya su, sai da Manaja ya harare shi. Uwar Inji kuwa, wani daɗi ya cika mata ƙirji har sai da ta ji idonta ya yi zafi. Aikinta ne, ta iya shi, kuma yau kowa ya gani.

Hannunta ne ya ci gaba da abin da ya saba. A maɗaba'ar, takardar farko da ta fito daidai ana ajiye ta a fayil, Manaja ya sa hannu a gaba. Ita kuwa kafin ta miƙa masa takan juya bayan ta rubuta wa kanta bayani. Ta zaro fensir daga ɗankwalinta ta rubuta kwanan wata, irin takardar, yawan tawada, da cewa an yi ruwa jiya. Ta miƙa wa Manaja.

Darakta ya riga shi karɓa.

Ya daɗe yana kallon bayan takardar. Sannan ya buɗe jakarsa ya zaro wasu tsofaffin takardu uku ya jera su kusa da ita.

"Kafin mu sayi rabin wurin nan, fayil na shekara goma sha huɗu na duba," in ji shi. "Ba injin ne ya burge ni ba, ai ya tsufa. Wannan rubutun na baya ne. Na ce duk wanda yake rubuta yanayin gari a bayan takardar gwaji, shi nake so ya buga mana littafi." Ya juya. "Manaja, ka ce mini rubutunka ne."

Manaja ya ce, "Ai... tare muke yi."

"Ga fensir. Rubuta mini yawan tawadar da ke kan ja yanzu."

Bai karɓa ba. Injin yana ta aikinsa.

Darakta ya ajiye fensirin. Ya laluba aljihu ya fito da makulli ɗaya mai jan zare, makullin ɗakin inji, wanda Kawu ya damƙa wa kamfani ranar da aka sa hannu.

"Ofis dai kun sani, namu mutumin zai riƙe daga wata mai zuwa. Muƙami ɗaya ya rage, shugaban ɗakin inji, kuma da Manaja na yi niyyar ba wa." Ya dubi Uwar Inji. "Yanzu na san mai shi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini, Hajiya. Tsarinmu sai mai takardar shaidar babban mai inji. Kina da ita?"

Murnar da ke fuskarta ta dushe.

"Ba ni da ita. Na zauna jarrabawar shekara tara da suka wuce. Ban ci ba."

"Ke? Kin ga sakamakon?"

"Ta adireshin maɗaba'a ake aikowa. Kawu ya ce mini sun rubuto, ban kai ba." Ta yi ɗan murmushin da bai kai ciki ba. "Sati guda na yi ina kuka a ɓoye. Ban sake komawa ba."

"Kin ci."

Duk suka juya. Sakatariya ce a bakin ƙofa, mace mai sanyin hali da ta shekara ashirin a wurin ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta rungume wata ambulan mai ruwan ƙasa a ƙirji.

"Ke!" Kawu ya buga sanda. "Wa ya aike ki durowata?"

"Ba wanda ya aike ni, Baba. Ni na karɓi wasiƙar nan da hannuna ranar da ta zo. Ni na rubuta yarinya a jerin ma'aikata, ina sane ba yarinya ba ce. Kwana uku ba na iya cin abinci." Hawaye ya zubo mata. "Ka kore ni in ka ga dama, na gaji."

Ta tako ta miƙa wa Uwar Inji ambulan ɗin.

Uwar Inji ta karɓa ta buɗe. Ta zaro takardar. Mai kauri ce, da hatimi, da cikakken sunanta da manyan baƙaƙe. A ƙasa an rubuta cewa cikin mutum sittin da uku da suka zauna jarrabawar, ita ce ta ɗaya.

"Karanta mana mu ji," in ji Mai Gam, muryarta ta yi ƙasa.

"Ta ɗaya," ta ce. "Cikin sittin da uku."

Mai Gam ta ɗora hannu biyu a ka. Ƙaramarsu mai 'ya'ya shida ta fashe da kuka. Uwar Inji kuwa ta tsaya ƙyam, kanta a sama, tana jin kamar an ƙara mata tsawo. Shekara tara tana ɗauke da kunyar faɗuwar da ba ta yi ba.

Sai ta juya ambulan ɗin. A bayanta akwai rubutu da jan biro, rubutun da ta fi sani a duniya, wanda ya koya mata haɗa baƙi. Ta karanta a fili.

"A ajiye tukuna, sai yarinyar ta ƙara girma."

Ta ɗago ta dubi Kawunta.

"Shekarata talatin da takwas a lokacin, Kawu. Ina shirin aurar da 'yata."

"Ba mugunta na yi ba." Muryar tsohon ta dushe. "Na ga in kika riƙe takardar nan wasu za su ɗauke ki. Ƙaninki kuma bai tsaya da ƙafarsa ba, shi namiji ne, iyali ne a kansa. Na ce ke yarinya ce, kina da lokaci."

"Ni ba iyali a kaina? Mijina yana kwance shekara biyu, wa ya riƙe gidan?"

Kawu ya sunkuyar da kai.

"To yanzu na girma, ko a ƙara ajiyewa?"

Darakta ya matso, ya miƙo makullin a tafin hannunsa. "Hajiya, takarda ta cika. In kin karɓa, daga yau ɗakin nan naki ne."

Manaja ya dubi ubansa kamar zai yi kuka. Kawu ya dogara sandarsa ya tako har gabanta. Ya tsufa ƙwarai, ta gani, rigar ma ta yi masa yawa.

"In dai ni na riƙe ki," ya ce a hankali, "ki bar wa ƙaninki makullin nan. Ke za ki ci gaba da aikinki kamar da, ba wanda zai taɓa ki. Ke yarinya ce mai jin magana, ba ki taɓa ce mini a'a ba."

Gaskiya ya faɗa. Shekara arba'in da ɗaya a hannunsa, ko sau ɗaya ba ta taɓa musa masa ba.

Ta sauka a hankali ta durƙusa a gabansa, gwiwa biyu a kan simintin da ya sha mai da tawada.

"Wayyo, kada ki yi mana haka," in ji Mai Gam.

Manaja ya sauke ajiyar zuciya. Kawu ya miƙa hannu zai dafa kanta.

"Kawu, ka riƙe ni, ka ciyar da ni, ka koya mini aikin nan. Har in mutu ba zan iya biyanka ba." Ta share idonta da bayan hannu. "Ka yafe mini."

Ta miƙe tsaye, ta juya, ta buɗe tafinta a gaban Darakta. Ya ɗora mata makullin.

"Idan kika rufe hannun nan," in ji Kawu, "kada ki sake tako ƙofar gidana."

Ta dube shi, hawaye yana bin fuskarta, kanta a sama.

Ta rufe hannunta.